Uwar Tukunya da Kwanon Rana

A asibitinmu, in ka bi barandar ɗakin haihuwa har ƙarshe ka karya hagu, za ka tarar da wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. A nan ake dafa kayan aiki: almakashi, hantsaki, allurar ɗinki, ƙyallaye, duk wani abin da zai taɓa jikin mai haihuwa ko jaririnta. Matar da ta riƙe ɗakin nan shekara ashirin da biyu ita muke ce wa Uwar Tukunya. Ni dai Inna nake ce mata, don a shekaru ta haife ni, kuma lokacin da na zo asibitin ina sabuwar ungozoma, ita ta fara nuna mini inda ake ajiye komai.

Da shara ta fara. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da yara uku, ta zo neman aiki aka ba ta tsintsiya da bokiti. Karatunta bai wuce aji biyar ba, amma tana karanta lambobi, tana kuma rubutu a hankali, harafi bayan harafi, tana danna biro kamar za ta huda takardar. Wani dattijo ne ke kula da ɗakin dafa kaya a wancan lokacin. Idan ta gama goge baranda sai ta tsaya a bakin ƙofarsa tana kallo. Da ya ga ba ta da niyyar tafiya, sai ya fara sa ta wanke hantsaki, daga baya ya koya mata naɗe ƙunshin kayan aiki. Ranar da ya yi ritaya babu wanda ya san aikin kamarta, aka miƙa mata makulli.

Tukunyar doguwa ce ta farin ƙarfe, murfinta ana ɗaure shi da ƙusoshi shida, a samanta akwai ma'auni mai allura kamar agogo. Ka'idar aikin ba ta da yawa. Tururi zai cika tukunya har allura ta kai ɗari da ashirin da ɗaya, ta tsaya a nan minti talatin. A jikin kowane ƙunshi ana manna wani ɗan tef mai layuka farare. Idan zafi ya ratsa yadda ya kamata, layukan su koma baƙi. Idan ba su koma ba, kayan ba su dahu ba, ko da kuwa sun ƙona maka hannu. Inna takan duba tef, ta rubuta a rajista, ta sa hannu, sannan ƙunshi ya fita. Ƙaramar mace ce, ba jiki, tana yawo da takalmin roba na maza wanda ya fi ƙafarta. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Amma in ta ce a'a, to ka nemi kujera ka zauna, don ba yau za ta sake magana ba.

Da wutar lantarki tukunyar ke aiki, wutar kuwa sai ta ga dama take zuwa, shi ya sa kullum janareta ke ruri saboda ita. Ana nan sai wata ƙungiya ta ba asibitin kyautar na'urar da za ta dafa tururi da hasken rana, wani kamfani ya zo ya kafa ta a filin da ke bayan ɗakin Inna. Ƙaton kwano ne, faɗinsa ya kai mita uku, an jera ƙananan madubai a cikinsa fiye da ɗari biyu, yana zaune a kan ƙafar ƙarfe. Madubin duka suna tattara rana su jefa ta wuri guda, a kan wani baƙin faranti da ke rataye a gaban kwanon a jikin sanduna uku. A bayan farantin an naɗe bututu, ruwa na shiga ta nan ya fita yana tururi, ya bi dogon bututu ya ratsa bango zuwa tukunya. Injiniyan kamfanin yana da wani dogon suna da yake kiran farantin da shi. Inna ta ce wannan ai murhu ne, kowa kuma ya bi ta. Na'urar gaba ɗaya muka sa mata Kwanon Rana.

Injiniyan saurayi ne mai ladabi, sai dai kullum a gaggauce yake, waya a kunne. Ya nuna mata yadda za ta riƙa juya wani sitiyari duk bayan minti goma sha biyar don kwanon ya bi rana, ya ce ta wanke madubai kowace safiya. Manajan asibiti kuma ya tara mu ya ce daga yau ba za a ƙara tayar da janareta don tukunya ba.

Watannin farko lafiya lau. Inna har ta fara son abin, tana goge madubai ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi, tana korar duk wanda ya matso da cewa zai makance. Daga baya lokacin iska ya shigo. Asibitinmu a bakin gari yake, babu gini ko itace da zai tare, daga ƙarfe goma sha ɗaya iska za ta taso ba ta kwantawa sai yamma. Sai allura ta fara noƙewa. Ta hau ɗari da takwas, ɗari da goma, ta tsaya cak. Rana kuwa tana nan tarwal, ko gajimare babu.

Inna ta ɗaura wani tsumma a kan sanda kusa da kwanon, ta ja sabon layi a rajistarta. Kullum sai ta rubuta ko tsumma ya rataye, ko yana kaɗawa, ko ya miƙe. Bayan sati uku ta ɗauki rajistar ta kai wa Manaja, ta nuna masa cewa duk ranar da tsumma ya miƙe, allura ba ta kaiwa. Ya kira Injiniya. Shi kuma ya zo wajen ƙarfe uku, ya shafa yatsa a kan madubi ɗaya, ya duba yatsan, ya tambaye ta ko tana juya sitiyari a kan lokaci. Ta ce tana juyawa, ta miƙa masa rajista. Bai karɓa ba, wayarsa ta yi ƙara. Bayan kwana biyu rahotonsa ya iso: na'ura lafiyarta ƙalau, matsalar daga mai kula da ita ce, ba ta tsabtace madubai, ba ta kuma bin rana yadda aka koya mata.

Ni na karanta mata, don da Turanci aka rubuta. Ta sa na maimaita wurin da ya ce ba ta tsabtacewa. Ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu ta sa a aljihun rigar aikinta.

Ranar da abin ya fashe, muna da mata uku a kan gwiwa, ɗaya kuma Likita ya ce sai an yi mata aiki. Ƙunshi biyar Inna ta sa a tukunya tun safe, iska ta hana, ta fito da su layukan tef ko launi ba su sake ba. Ta zuba su a kabad ta kulle. A daidai ranar ne mutanen ƙungiyar da suka ba da kyautar suka zo ganin yadda take aiki, Manaja yana zagayawa da su. Da labari ya kai masa, ya shigo ɗakin da sauri ya ja ƙofa, amma tagar a buɗe take, baƙin kuma suna tsaye a baranda. Ya ce mata ruwa ya tafasa, tururi ya tashi, kaya sun yi awa biyu a ciki, me kuma take nema? Ta sa hannu a fitar da su.

Ta juya rajistar ta fuskance shi, ta ajiye biro a kai.

"Yallaɓai, ga biro. Kai ma ka iya sa hannu. Ni dai kayan da ba su dahu ba, ba za su shiga cikin 'yar mutane da sunana ba."

Ya ce ta ba shi makullin kabad. Ta ce sai dai Likita ya zo ya karɓa da kansa. Likita ya zo, ya duba tef, ya ce a tayar da janareta. Aka tayar, baƙi suna ji suna gani, aka sake dafa kayan, aka yi wa matar aiki ta tashi lafiya. Washegari Inna ta sami takardar dakatarwa ta sati uku, saboda sakaci da aiki da kuma ƙin bin umarni. A cikin satuttukan nan sai motar asibiti ke kai kayanmu babban asibitin cikin gari a dafo, sau biyu a sati, mu kuma muna ta lallaɓa ƙunshi kamar zinariya.

Na zaci za ta zauna a gida ta huce. Da na je gaishe ta, 'yarta ta ce mini tun safe tana garejin ƙanenta.

Ƙanen nata shi ne autansu, har ya yi furfura Auta ake ce masa. Gyaran lagireton mota yake yi, a wata rumfa ta kwano da ke cike da tsofaffin bututai da baho na ruwa mai tsatsa. Na same su tana zaune a kan taya, shi yana tsaye yana sosa ƙeya. Ta riga ta ba shi labarin abin da ta lura da shi: idan ta tsaya a gefen da iska ke bi bayan ta wuce murhun, sai ta ji zafi na dukan fuskarta kamar an buɗe tanda. Zafin da ya kamata ya shiga ruwa, shi ne take ji a kumatunta. Dogon bututun ma tsirara yake, in ka kusanto da hannu ka ji yana huci tun daga kwano har bango.

Auta ya yi dariya ya ce ai shekara talatin ke nan yana cin abinci da wannan. Duk aikin lagireto shi ne a shimfiɗa ƙarfe mai zafi a gaban iska ta kwashe zafin. Waɗannan mutanen, in ji shi, lagireto suka rataya mata suka ce murhu ne. Ta tambaye shi to in ana so iska ta kasa kwashewa fa? Ya ce sai a ɓoye bututun a cikin wani abu mai zurfi, a lulluɓe bayansa, a bar ƙaramin baki inda haske zai shiga. In ya shiga ya yi ta karo da bango a ciki, ba shi da hanyar fita.

Ta ce to shi za su yi.

Nan fa ya sha jinin jikinsa. Ya ce shi bai ce zai yi ba, bayani kawai ya yi. Kayan asibiti ne, kayan kamfani, in wani abu ya fashe su biyu za a kwasa. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri ki koma aikinki. Saura shekara nawa ki yi ritaya?" Ta dube shi ta ce da wannan bayan nata ta goye shi har ya yi wayo, ba ta taɓa cewa ya yi mata nauyi ba. Ya juya gare ni yana neman ceto, na ce ni baƙuwa ce. Ya yi tsaki a hankali, ya jawo alli ya durƙusa ya fara zane a ƙasa.

Abin da ba su sani ba shi ne faɗin bakin da za su bari. Auta ya ce sai an ga girman hasken a inda ya taru. Ranar Laraba da tsakar rana sai ga Inna a ƙofar asibiti da kayan gida, riƙe da dogon rodi an ɗaure guntun katako a bakinsa. Maigadi ya ce an hana ta shiga. Ta ce an hana ta aiki ne, ba a hana ta dubiya ba, tana da mara lafiya a bayan ɗakin haihuwa. Ya kawar da kai. Ni na juya mata sitiyari har kwanon ya fuskanci rana, ita kuma ta sa baƙin gilashin walda na Auta, ta miƙa katakon gaban murhu. Kafin in ƙirga biyar hayaƙi ya tashi. Ta janye, ga baƙin da'ira a jiki, faɗinta kamar tafin hannu biyu. Ta sake gwadawa da wani gefen, wannan karon ta ɗan matso da katakon wajen kwanon. Da'irar ta fito ƙarama, ta kuma fi zurfi. Ashe ma murhun ba a daidai inda hasken ya fi taruwa yake ba, ya ja baya da kusan yatsu huɗu. A gwaji na uku iska ta kaɗa rodin, hannunta ya shiga hasken. Ba ta yi ƙara ba, sai da muka koma baranda na ga fatar damtsenta ta tashi. Ina wanke mata ina faɗa, ita kuwa tana auna da'irar katakon da zare.

Sati biyu suka yi suna haɗa abin. Bokitin ƙarfe biyu suka samo, ƙarami a cikin babba. Auta ya ciro bututun jan ƙarfe daga tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, ya naɗe shi zagaye-zagaye a jikin kututture, ya zura shi cikin ƙaramin bokitin ya kwanta a bango. Tsakanin bokitan suka cusa audugar nan mai ƙaiƙayi da ake samu a jikin tsohuwar tanda ta gidan burodi. Ya yanka murfi mai rami a tsakiya daidai da zaren Inna. Ya toshe bakin bututun ɗaya, ya hura iska ta ɗayan, ya nutsa shi a baho kamar yadda yake gwada lagireto, suka tsaya suna jiran kumfa. Babu ko ɗaya.

Ranar da ta koma aiki, ofishin Manaja ta fara shiga. Ta nemi izinin canza murhu. Ya ce ko kusa, na'urar tana ƙarƙashin garanti, duk wanda ya kwance ƙusa ɗaya ya ɓata shi. Ta ce garantin nan ya dafa ƙunshi nawa tun da iska ta fara? Ya ce ta fita. Tana bakin ƙofa ta juyo.

"Ranar Asabar da ƙarfe goma zan kwance shi. Na faɗa maka ne don kada a ce na yi a ɓoye."

Ya ce in ta taɓa, ta ɗauka ta bar aiki.

Asabar da ƙarfe goma Auta ya iso da tsani da bokitinsa a bayan babur. Suka juya kwanon ya ba rana baya, Auta ya hau ya kwance ƙusoshi huɗu, Inna ta zuba su a gwangwani, ta naɗe tsohon murhun a buhu ta ajiye a inuwa. Suka ɗaura sabon, suka matso da shi yatsu huɗu. Masu jinya sun fito baranda suna kallo. Manaja, wanda ba ya zuwa ranar Asabar, yana tsaye a tagar ofishinsa.

Abin bai yi ba. Bakin ya yi ƙanƙanta, da rana ta ɗan gusa sai rabin hasken ya riƙa sauka a kan murfin. Fentin da suka shafa a ciki ya kama hayaƙi mai wari, gefen ramin ya yi ja. Allura ta hau da sauri har ɗari da biyar, sai muka ji wani fito, dalmar da Auta ya haɗa bututun da ita ta narke, tururi ya yi ta feshi sama. Wani a baranda ya ce shayi ya nuna, aka yi dariya. Inna ta juya kwanon, ta jira ƙarfe ya huce, suka mayar da tsohon murhun da ƙusoshinsa huɗu kafin ƙarfe biyu. Litinin aka kawo mata takardar gargaɗi na ƙarshe. Ban san abin da ya hana korar ba. Wasu sun ce Likita ne ya shiga, wasu sun ce Manaja ya ga ta riga ta kunyata kanta, ya ishe ta.

Auta ya ce shi ya gama, an yi masa dariya a gaban mata. Da yamma ta je garejin, ni ma na bi ta don in canza mata bandeji. Ba ta lallashe shi ba. Ta ɗauko murfin da ya ƙone ta nuna masa inda wuta ta ci, ta ce ga shi nan hasken da kansa ya zana musu faɗin da yake so, a ƙara yatsu biyu. Dalma kuma laifinsa ne, shi da ya san zafi, me ya hana shi waldar tagulla? Ya ce tagulla aiki ne. Ta ce da can wasa suka zo yi? Maganar fenti kuwa shi ya kawo shawara, ya ce akwai wanda ake fesa wa salansar mota, ba ya ƙonewa. Ya ƙara da cewa a yi wa bakin ɗan leɓe na kwano kewaye, kamar bakin mazurari, ya tare iskar da ke zuwa ta gefe, ya kuma tura hasken da ya kauce zuwa ciki. Kafin mu tafi ya manta da cewa ya gama.

Ta sake zuwa ta sanar da Manaja ranar da sa'a.

Asabar ta biyu iska ta fi ta kullum, tsumman nan ya miƙe sambal. Sun ɗaura murhun, sun naɗe dogon bututun da ragowar auduga da tsofaffin barguna, sun ɗaure da waya. Auta na waje a kan sitiyari, ni da Inna muna cikin ɗaki gaban ma'auni. Allura ta wuce ɗari da goma ba ta ko waiwaya ba. A minti na hamsin ta taka ɗari da ashirin da ɗaya, ta nemi wucewa, bawul ɗin kariya ya fara huci, sai da Inna ta leƙa taga ta ce wa Auta ya ɗan kawar da kwanon. Ta kalli agogon bango minti talatin cur, ba ta zauna ba. Da tukunya ta huce ta buɗe, layukan tef sun yi baƙi ƙirin. Ta rubuta a rajista, ta sa hannu, ta ɗauki ƙunshi ɗaya a tire ta bi baranda da takalmanta suna ƙara, ta ajiye shi a kan teburin Manaja. Ta ce masa a kula, da sauran zafi. Ta fito.

Manaja ya kira kamfani ya ce an lalata musu na'ura, su zo su rubuta. Injiniya ya iso ranar Talata ransa a ɓace. Ya hau tsani ya leƙa cikin bokitin, ya daɗe a sama. Da ya sauko ya tambaya wa ya yi lissafin faɗin bakin. Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko masa katakon da murfin da ya ƙone. Ya juya su a hannu, sannan ya ce ko zai iya ganin rajistar. Ya zauna a kan benci ya bi ta shafi-shafi, wayarsa tana ta ƙara a aljihu bai ɗauka ba.

Ya dawo da na'urorin awo ya yi kwana uku yana gwada tsohon murhu da sabo. Abin da ya gaya mana shi ne, in aka kasa zafin da kwanon ke tarawa kashi goma, tsohon yana kai kashi huɗu cikin ruwa, in da iska ko uku ba ya cikawa. Na bokitin yana kai shida, iska kuma kaɗan take rage masa. Ya ce irin wannan murhu mai rami ba sabon abu ba ne, sun karanta shi a makaranta, kamfani ne ya zaɓi farantin don ya fi sauƙin ƙerawa, kuma a inda aka gwada shi babu iska irin tamu. Ya ce, "Mama, kin yi ƙoƙari ƙwarai."

Ta zaro takardar rahotonsa daga aljihu, duk ta yi laushi, ta warware ta.

"Ba yabo nake so ba, ɗana. A rubuce ka ce ba na wanke madubi. A rubuce za ka ce ina wankewa."

Ya nemi takarda. A kan bencin ya rubuta, na karanta mata, ta sa ya ƙara cewa tana juya sitiyari a kan lokaci, ya ƙara, ya sa hannu.

Kamfani dai ya soke garantin. Takardar gargaɗin ba a cire ta daga fayil ɗinta ba, ƙarin girman da take jira kuma bai zo ba har ta bar aiki. Manaja ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwarta, ita kuma ba ta fasa gaishe shi ba ko sau ɗaya, da cikakkiyar murya, a gaban mutane. Injiniya ya zama ɗan gida. Ya ƙera murhu irin nasu da ƙarfe mai kyau, ya kai wa Auta zanen ya duba. Sun yi rigima da Inna a kan wani gilashi na musamman da ya ce a rufe bakin da shi don zafi ya ƙara zama. Ta rantse ɗigon ruwan sama na farko zai fasa shi. Ya sa, bai fashe ba, tukunya ta riƙa kaiwa da wuri da kusan minti goma. Duk lokacin da na tuna mata sai ta ce sa'a ya yi.

Bayan ta yi ritaya da shekara guda, ƙungiyar nan ta shirya taro a wani otal a kan na'urorin rana a ƙananan asibitoci, Injiniya ya sa aka gayyace ta. Na raka ta. Aka yi ta jawabi da hotuna a bango, aka nuna murhun bokiti, aka tafa. Can wajen ƙarshe aka ba ta minti biyar ta faɗi yadda ta ji. Ta hau da wata 'yar takarda a hannu. Ashe ta sa Injiniya ya gaya mata sauran wuraren da aka kafa kwanon, ta kuma bi ta bincika. Ta karanto asibitoci uku da har yanzu farantin ne rataye, ta ce a ɗaya daga ciki mai kula da tukunya ta gaya mata ba a ma kawo musu tef ɗin gwaji. Ta tambaya yaushe za a canza. Shugaban taro ya gode mata, ya ce za a duba. Ta ce ta ji, amma wace rana? Ya buga ƙararrawa. Ta tsaya riƙe da makirfo tana kallonsa har sai da wata mata daga cikin manyan ƙungiyar ta tashi ta ce kafin ƙarshen wata uku. Inna ta ce in rubuta, na rubuta, sannan ta sauko.

An canza biyu. Na ukun yana can nesa, bayan kogi, an ce hanya ce ta hana. Shekaranjiya ta kira ni tana tambaya wace mota ke zuwa can, kuma ƙarfe nawa take tashi. Na ce mata tafiyar awa biyar ce, ga ƙafarta da ke kumbura. Ta ce ba ƙafa ta tambaye ni ba. Na gaya mata motar ƙarfe bakwai ce, ta ce to in gaya wa Auta ya shirya tsaninsa.